Ba a Gaya Wa Ƙudan Zuma Ba

Bristol, Ingila
21 ga Maris, 1983

Leonard ƙanena,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Joan da yaran. Yaya bayan naka? Ya daina ciwo, ko har yanzu kana ɗaga katako kamar kai kaɗai ne namiji a New Zealand? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke damuna duk sanda hadari ya haɗu, kuma ka san garin nan, kullum a haɗe yake.

Wasiƙarka ta ta'aziyya ta iso kwana tara bayan mun binne Baba. Na gode. Don Allah kada ka ƙara ba ni haƙurin rashin zuwa jana'iza. Wa zai ƙetaro rabin duniya cikin kwana huɗu? Kawunka bai taɓa ɗaukar ka ɗan ƙanwa ba, ɗa ya ɗauke ka. A ɗaki ɗaya ya raine mu, faɗan da ya yi mini shi ya yi maka, sai dai naka ya fi yawa don ka fi ni rashin ji.

Ka ce in gaya maka yadda nake. To, ranakun aiki ba su da matsala, ina shago ina sayar da zare da maɓallai har yamma. Lahadi ce ta gagare ni. Shekara biyu duk Lahadi ina gidan tsofaffin nan, ina ɓare wa Baba lemo yana kushe ɓarar. Yanzu in Lahadi ta zo sai in tashi, in zauna, in share ɗakin da na share jiya, in sa takalmi in cire. Beryl abokiyar aikina ta gaji da ganin fuskata ranar Litinin, ta ce, "Muriel, in kin ci gaba haka sai mun kai ki inda kika fito da tsohon." Ta rubuta sunana cikin masu tafiya yawon ƙauyuka a bas. Mata talatin da wani dattijo ɗaya da matarsa ta tilasta masa.

Jiya mun je wani ƙauye can arewa da nan, gidajen duwatsu da rufin ciyawa, komai tsaf kamar ba a taɓa yin tari a cikinsa ba. Aka shigar da mu wani ɗan gida, an gitta igiya a ƙofar kicin. Yarinyar da ke zagayawa da mu ta ce, "Ku dubi yadda talakawan karkara ke rayuwa a da." Len, dutsen guga irin na Inna ne sak, an sa shi cikin gilashi da 'yar takarda a gabansa! Wata mata mai hula kamar kwando ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, da ma a nan aka haife ni." Na ce mata, "Baiwar Allah, ki dawo a watan Janairu, ki fasa ƙanƙarar bokiti kafin ki wanke fuska, sai mu yi magana." Beryl ta take mini ƙafa. Ita kuwa ba ta da bakin yi mini faɗa, don da almakashin farce take yawo a jaka. Duk lambun da muka shiga sai ta waiga hagu da dama, ƙyas, ta yanke reshen fure ta cusa. In an gan ta sai ta ce ai shukar ce ta kama mata riga.

Mun sha shayi, mun ci kek, mun dawo. Ban ce na ji daɗi ba, amma dai Lahadi ta wuce.

Abin da Baba ya bar mini a wuya kuwa na sauke shi makon jiya, ka kwantar da hankalinka.

Yayarka,
Muriel

Rotorua, New Zealand
3 ga Afrilu, 1983

Yaya Muriel,

Muna lafiya duka, Joan na gaishe ki. Bayana da sauƙi, kuma ba katako nake ɗagawa ba yanzu, ni ke tsaye ina nuna wa masu ɗagawa, ki dinga ba ni girmana. Sanyi ya fara shigo mana a nan. Ki dinga ɗumama gwiwar nan.

Na yi dariyar matar mai hular kwando har Joan ta leƙo. Amma da na kai layinki na ƙarshe sai na ajiye takardar na fita lambu na tsaya, don ban so yara su ga idona. Ashe kin je ƙauyenmu, Stoke Averil! Tun ranar da kika gaya mini a waya cewa maganar Kawu ta ƙarshe ita ce, "Ki je ki gaya wa ƙudan zumana," abin ke tsaye mini a rai. Joan ta ce camfi ne. Na ce na yarda camfi ne, amma ni na ga Kawu ya yi. Ranar da Inna ta rasu, kafin ya sanar da limamin coci sai da ya ɗauki mabuɗin gida ya nufi ƙarshen lambu, ya ƙwanƙwasa amyoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Uwargida ta tafi," ya ɗaura wa kowace baƙin ƙyalle. Ya ce mana in an yi mutuwa a gida ba a gaya musu ba, fushi suke yi, ko su tashi su bar gidan, ko su mutu a ciki. Ke kina riƙe da hannuna ranar, kin tuna.

To, ba ni labari mana, kin bar ni da layi ɗaya kamar mai rowar tawada. Mutanen Landan da suka sayi gidan sun karɓe ki da kyau? Sun bar amyoyin a inda suke, ƙarƙashin itacen tuffa? Yaya Gwaggo Edna ta ɗauki labarin? Ita na fi tausaya wa. Shekara ashirin tana miƙo wa Kawu abinci ta saman shinge, shi yana miƙa mata zuma, kowa na cewa maƙwabtaka ce kawai. Ki gaishe mini da ita in kin rubuta mata.

Ƙanenki,
Len

Bristol
25 ga Afrilu

Len,

Wannan kati ne kawai, ka dubi hoton da ke baya. Lambun wani tsohon gidan masu hali ne, mun je jiya. An aske shingayen kamar tsuntsaye, mutum shida ke kula da su. Baba shi kaɗai ya riƙe wanda ya fi wannan girma. Ruwa ya dake mu, Beryl ta zame a kan gada, ba ta ji ciwo ba, amma jakarta ta buɗe a gaban mai lambun, sai ka ga abin kunya. Makon da ya wuce wani ƙauye mai injin niƙa na ruwa, mako mai zuwa wani mai tsohuwar coci. Lafiyata ƙalau. Gaida Joan.

M.

Rotorua
9 ga Mayu, 1983

Yaya Muriel,

Lafiyarmu lau. Ina fata ke ma haka, ko da yake katin naki bai nuna mini ba.

Mako uku ina zuwa akwatin wasiƙa, sai ga kati mai hoton shinge. Na yi miki tambaya huɗu, ba ki amsa ko ɗaya ba. Ni na san ki. Ke da in an tambaye ki ƙarfe nawa sai kin ba da tarihin agogon, in kika taƙaita magana to da wani abu.

Na ɗauko tsohuwar taswirar Somerset da na zo da ita ƙasar nan, na shimfiɗa a teburin cin abinci. Ƙauye mai injin niƙa na ruwa, ai na san shi, mil tara ne daga gida. Gidan mai shingen tsuntsaye sunansa yana rubuce a katin, mil shida. Mai tsohuwar coci kuwa, in wanda nake zato ne, daga hasumiyarsa ana hango hayaƙin Stoke Averil. Yaya, zagaya ƙauyen kike yi kamar kazar da ke son shiga akurki tana tsoron mai gida. Ba ki je ba, ko?

To, me kika sauke makon nan da kika ce in kwantar da hankalina? Na sake karanta layin ya fi sau goma. Ni na yi miki kuka a lambu, na gaya wa Joan yayata ta cika alkawari, ashe ni kaɗai nake ta shirmena.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Wata uku ke nan. Yanzu Mayu ne, lokacin da ƙudan ke tashi su nemi sabon gida. Ki kira shi camfi in kin so, ni ma wani lokaci haka nake kiransa. Amma mutum yana kan gadon mutuwa bai roƙe ki dutsen kabari ba, bai roƙe ki waƙar coci ba, abu ɗaya ya roƙa, tafiyar awa ɗaya da rabi a bas. Kina da ƙafar zuwa kallon dutsen gugar mutane, ba ki da ta zuwa gidan ubanki?

Ki amsa mini, ko da zagi ne.

Len

Bristol
23 ga Mayu, 1983

Leonard,

Ina lafiya. Ban rame ba, ban yi ƙiba ba. Gaida iyali.

Ka ce ko da zagi ne, to karɓi: sannu mai taswira! Kana zaune a ƙarshen duniya da sandar awo kana auna mini mil. Ina kake lokacin da nake ɗaga shi daga kan gado zuwa kujera? Kayansa nake nufi a wancan layin, rigunansa da takalmansa da na kai wa coci. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, na san yadda za ka fahimce shi, kuma na bar shi haka.

Yanzu da na huce, ga gaskiyar, ka yi yadda ka so da ita.

Ka san Baba ya faɗi ya karya ƙugu, na ɗauko shi zuwa Bristol. Ka san daga baya masu babban gida, iyayen gidan Baba, sun sayar da ɗan gidanmu. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi. Ranar da na zo ɗaukarsa ya ƙi shiga mota, ya ce sai ya je ya yi wa ƙudan sallama. Ruwa ake yi, direba na ta danna oda, shi ko taku uku ba ya iya yi. Na ce, "Haba Baba, mako biyu ne fa, me za ka gaya musu?" Gwaggo Edna na tsaye a bakin shinge da laima, na ce mata ita ma, "Mako biyu ne, Gwaggo." Ya yarda ya shiga.

Bayan wata biyu wakilin babban gida ya rubuto. Ka san gidan na aiki ne, shekara arba'in da shida Baba na cikinsa don yana yi musu lambu, sun bar shi bayan ya tsufa don kunya kawai. Wakilin ya ce in ba zai dawo ba a sa hannu a saki. Likita ya riga ya gaya mini ba zai ƙara hawa matakala ba. Na sa hannu, na aika musu da mabuɗin ta gidan waya, na sa wasu masu mota suka kwaso kayan ban ko je ba. Ban gaya masa ba, Len. Har ya rasu yana zaton gidansa na jiransa. Duk Lahadi sai ya ce, "An duba rufin nan kuwa? Kusurwar gabas na yoyo." In ce an duba. Ya ce, "Edna fa?" In ce tana gaishe shi.

Kuma a Stoke Averil ba wanda ya san ya rasu. Gwaggo Edna ta aiko da katin Kirsimeti sau biyu, sau biyun na amsa mata da layi ɗaya, cewa yana samun sauƙi. Ban kai masa katunan ba, don ta rubuta maganar sababbin masu gida a ciki. Da ya rasu na ɗauki biro in rubuta mata ya fi a ƙirga. Da wane baki?

Ba ka yi kuskure ba, zagayawa nake yi. Duk sanda bas ɗinmu ta wuce mahaɗar hanyar nan mai allo fari sai in sunkuya in ce ina neman abu a jaka. Ranar Laraba da ta wuce, da wasiƙarka ta iso, na ce wa mai shago ciwon haƙori nake, na hau bas ni kaɗai. Na sauka a bakin coci, na bi ta bayan makaranta don kada a gan ni. Len, sun sake rufin, ciyawa sabuwa fes. Sun shafa wa ƙofa shuɗi. Inda Baba ke shuka kabeji da dankali duk furanni ne yanzu. Har suna suka raɗa wa gidan, an rubuta a katako, mu da muka yi shekaru ana ce mana lamba huɗu. Na kama ƙyauren lambu, sai na ji muryar mace a ciki tana kiran kare. Me zan ce mata? Sannu, ba ki san ni ba, na zo yin magana da ƙwarinki? Na saki ƙyauren na koma tasha da sauri har gwiwata na ƙara. Minti ashirin na yi a garin da aka haife ni.

Amma na ga sanarwa a allon coci. Ranar Lahadi 19 ga Yuni za a buɗe lambunan ƙauyen ga baƙi, rana ɗaya a shekara, don tara kuɗin gyaran hasumiyar cocin. Gida goma sha ɗaya, namu na ciki. Ranar ba sai na ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa ba, tikiti zan yanka in shiga kamar kowace mai hular kwando. Na sa Beryl ta yi wa shugabar tafiyarmu magana, an sa shi cikin jerin.

Ban ce maka zan iya ba. Ko barcin kirki ba na yi. Ban ma san ko amyoyin na nan ba, daga ƙyaure ba a hango ƙarshen lambu.

Muriel

Rotorua
5 ga Yuni, 1983

Yaya,

Muna lafiya. Na karanta, na sake karantawa, na ɗauke taswirar daga tebur.

Ki yafe mini. Ni da na tafi shekara goma sha bakwai, ina aiko da hoton yara da kati, ni ne har da bakin tambayar ki ƙafa. Da ni ne a bakin motar nan cikin ruwa, da mako ɗaya zan ce masa, ba biyu ba.

Amma ki je. Ba don ni ba, ba ma don ƙudan ba. Ki je don ki samu ki zauna wuri ɗaya ranar Lahadi. In babu mabuɗin gidan ki yi da na ɗakinki, ba na jin za su duba. Kada ki shafa turare, kin san ba sa so. Ki tsaya ta bayan amya, ba ta bakinta ba. Kuma don Allah ki rubuta wa Gwaggo Edna kafin ranar, kada ta ji a bakin hanya.

Ranar 19 ga wata zan kasance ina tunaninki.

Len

Bristol
20 ga Yuni, 1983

Len ƙanena,

Lafiya lau nake, ƙafafuna ne kawai suka kumbura. Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Ban rubuta wa Gwaggo Edna ba, kada ka fara.

Na je.

Rana ta fito sosai, ƙauyen cike da motoci har filin ƙwallo. A ƙofar coci wata yarinya da ban sani ba ta ba ni tikiti da 'yar taswira, ta ce, "Kin taɓa zuwa Stoke Averil?" Na ce na taɓa. Gidanmu ne na bakwai a jerin. Na shiga na ɗaya, na biyu, har na shida, ban ga fure ko ɗaya ba. Beryl ta ce, "Ke wai lafiya? Kin yi fari kamar madara." Na ce ta je ta yi satarta ta ƙyale ni.

A ƙyaurenmu layi ne, Len, layi! Na tsaya bayan mutum goma sha biyu don in shiga inda na koyi tafiya. Matar gidan na tsaye da babbar hular rana, doguwa, mai fara'a, ba ni da abin kushe ta, ta kula da wurin. Tana yi wa baƙi bayani: "Gidan ya haura shekara ɗari uku. Kafin mu wani tsohon mai aikin lambu ne a ciki, ba mu same shi ba. Da kun ga yadda muka tarar da wurin, kabeji ko'ina!" Aka yi dariya. Na ciji leɓe na wuce.

Na bi hanyar tubalin nan da kai da Baba kuka shimfiɗa, har yanzu a karkace take ta gefen da ka yi. Can ƙarshe an gitta igiya, an rataya allo: kada a wuce, akwai ƙudan zuma. Suna nan, Len. Duka ukun, ƙarƙashin tuffa, suna ta shige da fice. Na dafa sandar igiyar.

Sai na ji an ce, "In ba idona ke yi mini ƙarya ba, wannan tsayuwar 'yar Wilfred ce."

Gwaggo Edna ce, zaune a kan kujera a inuwa ta cikin igiyar, an ajiye ta tana gadin yara kada su matsa. Ta tsufa ƙwarai, ta ƙanƙance, amma muryar na nan. Ta miƙe da sanda ta kama fuskata da hannu biyu.

"Muriel! Ke da ba kya rubuta wa mutum abin da ya wuce layi ɗaya! Yaya ubanki, mai taurin kan nan? Ya fara takawa?"

Mutane na bayana, wani na ɗaukar hoto, wata na tambayar ko ana sayar da zuman. Ita kuwa ta ci gaba, ka san ta.

"Ki gaya masa kada ya damu da waɗannan. Mutanen nan kirki gare su amma tsoron ƙuda suke kamar me, ni ke dubawa. Sau biyu na kamo su daga kan itacen makaranta, ni da shekaruna. Duk Asabar nake zuwa in gaya musu, ku yi haƙuri, maigida na asibiti, ya kusa dawowa. Ai dole a dinga gaya musu wani abu, in ba haka ba su ɗauka an yar da su. Gidan ya tafi, to, ya tafi. Ina da ɗaki a ƙasa, ba matakala, na sa an shafe shi da fenti tun bara. In ya so ya zo, mutane su faɗi abin da za su faɗa, mu da muka haura tamanin."

Len, na so ƙasa ta tsage. Na kasa kallon ta in faɗa. Abin da na iya kawai shi ne na ɗaga igiyar na ce, "Gwaggo, zo ki raka ni wurinsu. Baba ya ba ni saƙo."

Ta dube ni. Ta dubi baƙin ƙyallen da ya leƙo daga bakin jakata. Ina ta laluben mabuɗin ɗakina, sai ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro wani tsohon mabuɗi mai tsatsa ta miƙo mini. Ta ce, "Na ƙofar baya ne. Ya ba ni in dinga buɗe tagogi. Sun canza kwaɗon, amma nasa ne."

Na tsaya ta baya kamar yadda ka ce. Na ƙwanƙwasa ta farko sau uku. Na ce, "Maigida ya rasu. Wilfred Tapscott ya rasu ranar goma sha ɗaya ga Fabrairu, da safe, bai sha wahala ba. Ya ce in gaya muku." Na je ta biyu na faɗa, na je ta uku na faɗa. Kowane karo ƙarar cikin amyar sai ta ɗan tashi ta kwanta. Ko ɗaya bai harbe ni ba. Ɗaurin ƙyallen ne ya gagare ni. Gwaggo ta jingine sandarta ta karɓa, ta ɗaura ukun da kanta, a hankali, ta gyara kowane ƙulli.

Mutanen da ke bayan igiya suna ta kallo. Ina jin sun ɗauka wani abu ne da aka shirya wa baƙi, har wani ya fara tafi, Beryl ta doke masa hannu da jaka.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Fabrairu." Na ce e. Ta ce, "Ya tambaye ni?" Na ce, "Duk Lahadi, Gwaggo." Ta ce, "Kika ce masa me?" Na ce, "Na ce kina gaishe shi." Ta gyaɗa kai ta ce, "To, nan dai ba ki yi ƙarya ba."

Na fara cewa ta yafe mini, ta ɗaga mini hannu, ba da faɗa ba, kamar dai ta ce in jira layina. Ta juya ta dafa rufin amyar tsakiya da tafin hannunta, ta sunkuya har kuncinta ya kusa taɓa katakon, ta ce:

"Shekara biyu ina ce muku yana dawowa. Ku yafe mini, ban yi don in cuce ku ba. Ni ma haka aka gaya mini."

Bas ɗinmu ta tashi ƙarfe biyar, ban bi ta ba. Na raka Gwaggo gida, ta dafa shayi, ta zuba kofi biyu, muka zauna a kicin ɗinta. Ƙofar ɗakin da ta shafe a buɗe take, ina hango gadon a gyare. Ba ta rufe ba, ni ma ban roƙe ta ta rufe ba.

Yayarka,
Muriel